Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitoci: Mai Yawan Filatilet Yana Tsoron Ciwon Daji, Ku Kuma Ba Ku Tambayi Barcinsa Ba

Assalamu alaikum, ya ku likitoci, musamman ku da kuke ɗakin duba marasa lafiya na farko, inda kowa ke fara isa da takardar gwajinsa a hannu.

Ni matar wani majinyacinku ce. Ban yi karatun likita ba, kuma ban rubuto don in koya wa kowa aikinsa ba. Shekara ɗaya da rabi na yi ina bin lamba guda a takardar gwajin jinin maigidana, har na san ta fiye da lambar wayata. Abin da na gani a tsakanin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Roƙona biyu ne, kuma wanda ya ji su sama-sama zai ce sun ci karo da juna. Ina neman ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Maigidana yana da shekara 52. Hawan jini ya kai shi asibiti, aka haɗa masa da gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini kamar yadda aka saba. Komai ya fito daidai sai layi ɗaya: filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, 431. Bayan wata huɗu ta zama 468. Bayan wasu watanni biyar ta kai 512, da ɗan tauraro a gefenta. A zuwa biyun farko abin da aka ce masa bai wuce "ba komai, za mu sake dubawa" ba. Shi kuwa da ya dawo gida ya bari na yi barci, ya ɗauki waya ya rubuta kalmar a intanet, abin da ya fara cin karo da shi ciwon daji ne. Wata uku ya yi yana ɗauke da wannan a ransa bai gaya mini ba. Na fara zargin akwai matsala ne ranar da ya kira ni, ba gaira ba dalili, ya nuna mini inda yake ajiye takardunsa masu muhimmanci, yana maganar yara kamar mai shirin doguwar tafiya.

Ranku ya daɗe, kalmar "ba komai" ba ta kwantar da hankalin mutumin da ke ganin lamba tana hawa. Da an ba shi minti biyar an yi masa bayani, da bai kwana wata uku yana lissafin kwanakinsa ba. Bayanin kuma ba mai wuya ba ne, tunda ni ma na gane shi. Filatilet wasu ƙananan ɓarɓashi ne da ke ɓallowa daga manyan ƙwayoyi a cikin ɓargo, aikinsu su taru su toshe jijiya idan ta tsage, jini ya tsaya. Kowanne kwana bakwai zuwa goma yake yi ya mutu, don haka jiki yana ƙera kimanin biliyan 100 a kullum. Hanta ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙara ko ya rage, ta hanyar wani sinadari mai suna turombofoyetin, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na filatilet a saifa suke zaune suna jiran kira. Ma'aunin lafiya daga 150,000 zuwa 450,000 ne a kowace maikurolita ta jini, abin da ake taƙaitawa a takarda da 150 zuwa 450, kodayake wasu ɗakunan gwaji a 400 suke ja layi. Abu mafi muhimmanci da ba a gaya masa ba shi ne, a cikin mutum goma masu yawan filatilet, takwas zuwa tara ɓargonsu lafiya lau yake, amsa kira kawai yake yi. Wani abu ne a jiki ke buga ƙararrawa: ƙwayar cuta, kumburi mai daɗewa, ƙarancin sinadarin ƙarfe, zubar jini, tiyata ko rauni na kwanan nan, cire saifa. Ruwa dai ba ya tsami banza, aikin likita shi ne ya gano abin da ya tsamar da shi.

Ga roƙona na farko: ku ambaci ciwon daji, wato kansa, da bakinku kafin intanet ta riga ku. Na san dalilin da ya sa kuke kauce wa kalmar, ba ku son tayar da hankali. To hankali ya riga ya tashi, sai dai a ɓoye. Kuma tsoron ba na banza ba ne. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila, ƙarƙashin Sarah Bailey da Willie Hamilton, sun wallafa nazarin da suka yi kan bayanan kusan mutum 40,000 'yan shekara 40 zuwa sama waɗanda filatilet ɗinsu ya haura 400. Cikin shekara ɗaya an gano ciwon daji a jikin kashi 11.6 cikin ɗari na mazan da kashi 6.2 na matan. A cikin waɗanda ƙidayarsu ke daidai kuwa, kashi 4.1 ne na maza da 2.2 na mata. Idan aka sake gwaji cikin wata shida aka tarar lambar ta ƙara hawa ko ta tsaya a sama, sai ya zama kashi 18.1 ga maza, 10.1 ga mata. Kansar huhu da ta babban hanji su suka fi yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu waɗannan biyun ba su da wata alama da za ta sa a tura su bincike in ban da wannan lambar.

Waɗannan alƙaluma fuska biyu gare su, kuma majinyaci yana da haƙƙin ganin dukansu. A fuska ɗaya, cikin maza ɗari masu yawan filatilet, kusan 88 ba a same su da kansa ba. Da maigidana ya san haka, da ya samu barci. A ɗaya fuskar, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ma'auninta a kashi 3 cikin ɗari tun 2015: duk alamar da haɗarinta ya kai haka ta cancanci bincike ba tare da jinkiri ba. Kashi 11 ya ninka wannan kusan sau huɗu. Ke nan wanda ya ce masa "ba komai" bai yi daidai ba, intanet da ta yanke masa hukuncin kisa ita ma ba ta yi daidai ba. Maganar gaskiya a tsakiya take: mai yiwuwa ba kansa ba ce, amma shekarunka da hawan lambar sun isa a duba, ga abin da za mu duba, ga ranar da za ka dawo.

Likita ta uku da muka gani haka ta yi, Allah ya saka mata da alheri. Ta jera takardun uku a kan tebur ta dubi yadda lambar ke tafiya, abin da ba wanda ya yi kafin ita, domin kowa takardar ranar kawai yake kallo. Ta sa a shafa jinin a gilashi a duba da ido ta madubin ƙara girma, saboda na'urar ƙidaya takan ruɗe, ta ɗauki gutsattsarin jajayen ƙwayoyi ko ƙanana sosai a matsayin filatilet. Ta auna feritin don ganin ajiyar ƙarfe, ta auna alamar kumburi, ta sa a ɗauki hoton ƙirji, a gwada bayan gida ko akwai ɓoyayyen jini, ta tambaye shi tari, rama, zufar dare, sauyin fitar bayan gida, wahalar haɗiya.

Bari in tsaya kaɗan a kan ƙarfe, domin akwai tarko a nan. Ƙarancinsa na cikin manyan dalilan hawan filatilet, kuma da an gano shi sai kowa ya yi ajiyar zuciya, a rubuta ƙwayoyi a sallami mutum. Ga macen da ke zubar da jini mai yawa a al'ada, bayanin ya zauna. Amma namiji, ko macen da ta daina al'ada, ina ƙarfensa ya tafi? Sau da yawa ta hanji yake zurarewa a hankali, kuma ɗaya daga cikin masu jawo haka kansar hanji ce. A ba shi ƙwayar ƙarfe lambar ta sauka, a rufe fayil, ai tsugune ba ta ƙare ba. Feritin ma kansa yana hawa idan akwai kumburi, sai ya ɓoye ƙarancin da ake nema.

Da duk waɗannan suka fito babu abin damuwa sai ɗan hawan alamar kumburi, ta nemi gwajin cutar ɓargo, wadda a cikinta ɓargon ke ƙera filatilet bisa gaban kansa ba tare da an kira shi ba. Cuta ce da ba ta da yawa, mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ɗari ake ganowa a shekara. Tun 2005 aka gano sauyin ƙwayar gado mai suna JAK2, wanda ke jikin fiye da rabin masu ita, a 2013 kuma aka gano CALR, wanda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai MPL mai ɗan kaɗan. Ana lissafa cutar cikin dangin kansar jini, sunan da ke sa gwiwa ta yi sanyi, alhali da yawa daga masu ita suna yin shekaru gommai da ƙaramin asfirin, wasu da ƙarin maganin rage ƙira. Babban haɗarinta gudan jini ne da ke toshe jijiya. Nasa gwajin ya fito babu ko ɗaya.

A ranar da muka je karɓar wannan sakamakon ne ta juyo wajena, ba wajensa ba, ta ce, "Malama, yaya barcinsa yake?"

Shekara goma sha ɗaya ina da amsar wannan tambaya, babu wanda ya taɓa yi mini ita. Minshari yake yi wanda ake ji daga bayan ƙofa. Ba minsharin ne ke tsorata ni ba, shirun da ke biyo baya ne. Sai ƙarar ta yanke kamar an toshe masa baki, ƙirjinsa yana kokawar ɗagawa amma iska ba ta shiga, ni kuwa ina kwance ina ƙirga daƙiƙu a zuci, ashirin, talatin, wani lokaci har in kai hannu in zungure shi, sai ya fizgo numfashi da wata irin ƙara kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya, ya ci gaba. Da safe bai san an yi ba. Ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya yi fitsari sau uku ko huɗu a dare, da rana in ya zauna minti goma sai gyangyaɗi, sau ɗaya har a kan sitiyari. Maganin hawan jini iri uku yake sha, jinin ya ƙi sauka yadda ake so. Duk wannan mun ɗauke shi gajiya ce da tsufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan cuta ta ɗaukewar numfashi cikin barci mai ɗakin barci yake yi, wanda ke kwance kusa da shi ne ke ganin ruwan.

Aka yi masa gwajin barci. Ƙa'idar ita ce a ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a kowace awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Nasa 38 ne, iskar oksijin a jininsa kuma ta riƙa faɗuwa har ƙasa da 80 cikin ɗari. Allura ta tono garma: mun je neman kansa, muka tarar da mutumin da maƙogwaronsa ke rufewa fiye da sau ɗari biyu kowane dare.

Me ya haɗa wannan da filatilet? Idan naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanya, oksijin ya faɗi, ƙwaƙwalwa takan ɗauka mutuwa ce ta zo, sai ta sa a watsa sinadarin firgici mai suna adirenalin don ta farkar da mai barci. Adirenalin yana ɗaga hawan jini, yana matse saifa ta saki filatilet ɗin da ta ajiye, yana kuma sa su zama masu saurin mannewa da juna. Faɗuwa da tashin oksijin sau ɗaruruwa a dare yana gurje bangon jijiyoyi, ya haifar da kumburi mai ci a hankali, kuma ɗaya daga cikin sinadaran kumburin, intalukin-6, shi ne ke sa hanta ta ƙara aika wa ɓargo saƙon ƙira. Ta wannan hanyar dai ƙwayar cuta da kansa suke ɗaga filatilet, ƙofa ɗaya ce masu bugawa daban-daban. Sai dai a faɗi iyakar abin: abin da nazarce-nazarce suka fi dacewa a kai shi ne filatilet ɗin masu wannan cuta sun fi girma kuma sun fi ɗanko. Batun yawansu kuwa, inda aka ga ƙari ɗan kaɗan ne, wasu nazarin ma ba su ga bambanci ba. Ƙiba da shan taba, waɗanda sukan zo tare da cutar, su ma suna da nasu hannu a kumburin.

Wannan ya kawo ni roƙona na biyu, mai kama da kishiyar na farko. Ku tambayi barci, amma kada ku mai da minshari murfin rufe bincike. Ɗaukewar numfashi na iya tura lamba ta ɗan haura layi. Ba ta isa ta zama bayanin 700 ko 900 ba, ba ta kuma isa ta zama bayanin lambar da ke ci gaba da hawa ga mutumin da ke ramewa ko tari ba. Ku dubi wanda ya fi kamuwa da ita: namiji, ya haura 50, mai jiki, wataƙila mashayin taba. Shi ne dai mutumin da kansar huhu da ta hanji suka fi nema. Ina jin tsoron ranar da wannan alaƙa za ta shahara a intanet har mutane su riƙa cewa "ai minsharina ne" su ƙi zuwa hoton ƙirji, ko likitan da layi ya yi masa yawa ya kama wannan igiya don ya huta. Likitarmu sai da ta gama da huhu da hanji da ɓargo sannan ta zo kan barci, kuma a ganina jerin ke nan, ko a tafi da su tare.

Akwai ma masu tambayar ko ita cutar barcin tana ciyar da kansa gaba. A 2012 wani dogon nazari daga jihar Wiskonsin ta Amurka, wanda ya bi mutum 1,522 har tsawon shekara 22, ya nuna mutuwa ta dalilin kansa ta ninka kusan sau biyar ga masu mai tsanani. Masu tsananin ba su da yawa a cikin nazarin, kuma wasu binciken da suka biyo baya sun ga alaƙar ta yi rauni bayan an cire tasirin ƙiba da shekaru. Ba zan so a tsorata kowa da wannan ba. Dalilan jinyar cutar sun isa ko babu shi: hawan jini mai taurin kai, bugun zuciya marar tsari, shanyewar ɓarin jiki, haɗarin mota. Ga mutumin da filatilet ɗinsa suka yi yawa kuma suka yi ɗanko, batun gudan jini kaɗai ya isa a kula.

Abin da ke ba ni takaici shi ne sauƙin tambayar. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan cuta a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaiciya ko mai tsanani, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Tun 2008 Frances Chung ta Jami'ar Toronto ta fitar da tambayoyi takwas da ake kira STOP-Bang: minshari mai ƙarfi, gajiyar rana, ko wani ya ga numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekara sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Ba ta cin minti biyu, ba ta buƙatar komai sai igiyar awo da sikeli. Maigidana bakwai ya ci cikin takwas, kuma shekara goma yana zuwa asibiti don hawan jini babu wanda ya auna wuyansa. Ku tuna da mata ma, domin su ba lallai su zo da minshari mai ƙara ba, sukan zo da kasala, rashin barci, ciwon kai na safe, kuma haɗarinsu yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada. Wanda ke kwana shi kaɗai kuwa ku ce ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa dare ɗaya ya kawo muku.

Yanzu da injin CPAP yake kwana, mai hura iska ta takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe, irin wanda Colin Sullivan ya fara bayyanawa a Sidni a 1981 bayan ya gwada shi kan mutum biyar. Makonnin farko yaƙi aka sha, ya cire ya jefar, in ɗauko in mayar. A nan ma ina da ƙorafi: kada ku miƙa wa mutum inji ku ce sai wata shida. Takunkumin da bai dace da fuska ba shi ke sa da yawa su jingine shi, kuma sauya shi aikin minti goma ne in an samu mai saurare. Bayan wata shida an rage masa maganin hawan jini ɗaya, ya sauke kilo shida, gyangyaɗin ya tafi. Filatilet ta dawo 447. Likitarsa ba ta ce injin ne ya saukar da ita ba, ni ma ba zan faɗa ba, tunda nauyinsa ma ya ragu a lokaci guda. Ta rubuta lambobin huɗu a layi ɗaya a gaban fayil ɗinsa don duk wanda ya buɗe ya ga tafiyarsu, ta ce a sake gwaji bayan wata shida, in kuma ya ga jini a bayan gida, ko tari ya wuce mako uku, ko ya fara rama ba dalili, kada ya jira ranar.

In mai irin wannan takarda ya shigo muku gobe, ku nemi tsofaffin sakamakonsa ku jera, ku faɗi kalmar da yake tsoro tare da alƙalumanta, sannan ku tambaye shi wa ke kwana kusa da shi. In tana bakin ƙofa tana jira, kamar yadda na yi ta jira a zuwa biyun farko, ku ce ta shigo.

Wassalam,
Matar wani majinyacinku.